Layar Mai Ƙanƙara

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar mutumin da Matameye ta sani da Mai Ƙanƙara, bakaniken baburan nan da yake da rumfa a bakin hanyar Ɗan Barto. Ni na haife shi, kuma shi ne ɗana na fari. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da na aikata da na faɗi haka. Mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa, ba ta zama inda ake zancensa, balle ta ɗauki biro ta baza shi a jarida. Tsarana in aka karanta musu wannan za su riƙe baki su ce Hajiya ta tsufa ta zubar da kunya. To, su faɗa. Wallahi ni ma kunyar nake ji, har zufa nake yi ina rubutun nan. Amma ya bar 'ya mace, Rakiya, kuma a bana aurenta ya kusa rushewa saboda maganar da garin nan ya ɗora wa ubanta. Shi ya sa na ce kunya ta ɗan matsa gefe in wuce.

Ba a hannuna ya tashi ba. Yana barin nono mahaifiyata ta ɗauke shi zuwa Icirnawa, kamar yadda ake yi. Da ya girma ya dawo gari, Yaya yake ce mini, ni kuwa in ya zama dole sai in ce “yaron Inna”. In ya zo gaisuwa sai ya tsuguna a bakin ƙofa yana kallon randa, ni kuma in amsa ina kallon keken ɗinkina. Na yi shekaru ina koya wa matan gari karatu a ajin yaƙi da jahilci, bakina ba ya mutuwa a gaban kowa, amma a gabansa kalma uku ta ishe ni. Babu wanda ya ga laifinmu, mu ma ba mu gani ba, haka muka tarar ana yi.

Sunan Mai Ƙanƙara daga cin rani ya samo shi. Kamar sauran mazan garinmu, da an kai amfanin gona gida sai ya tsallaka Kano, ya yi aikin kanikanci har hadari ya fara haɗuwa. Wata shekara ya dawo da wani hoton bidiyo a wayarsa, wanda mai tura waƙoƙi ya haɗa masa da shi cikin tarkace. Wasu mutane ne a ƙasar sanyi, sun naɗe kamar gammo, suna hawan wani irin babur da ba shi da taya. Gabansa katako biyu ne masu zamiya, bayansa wata faffaɗar sarƙar roba, yana haura tsaunin da ƙanƙara ta rufe fari fat. Jama'a suna kallon tsallen da abin yake yi suna salati. Shi kuwa ba tsallen ya dame shi ba. Akwai wurin da mutanen suka tsaya a bisa dutsen, suka buɗe injin, wani ya cire safar hannu yana hura yatsunsa, ya kwance wata 'yar tagulla ya sa wata. Nan yake mayarwa, ya sake mayarwa. Bai jin yarensu ko kalma ɗaya, hannuwansu kawai yake karantawa.

Na ji bayaninsa ne ta taga, ranar da yake yi wa ƙanena Malam Idi a tsakar gida, da murya sama-sama yadda wadda ke cikin ɗaki za ta ji.

“Kawu, inji da iska yake rayuwa kamar mutum. A bisa dutse iska ba ta da kauri. In ka ba shi mai irin na nan ƙasa, sai ya shaƙe, ya yi ta hayaƙi babu ƙarfi. Dole ka rage masa mai daidai da iskar. 'Yar tagullar nan ita ce ƙofar man.”

Malam Idi ya yi dariya har da buga ƙafa. “Kai da ba ka taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin kular mai zoɓo, kai ne za ka koya wa mutane hawanta?”

Kafin mako ya zagayo suna ya bi shi. Ni ma, Allah ya yafe mini, na yi murmushi a bayan labule. Ina ganin babban mutum da iyali ya zauna yana nazarin babur ɗin ƙanƙara a garin da rana ke narkar da takalmin roba, ai abin dariya ne.

Dariyar ba ta daɗe ba. Da labarin zinariya ya ɓarke a arewa, samarinmu suka yi ta ɗora baburansu a manyan motoci suna nufar duwatsun Abzin. Can sai baburan su yi sanyi, babur ɗin da ke tashi kamar doki a hanyar Tsauni ya kasa haura tudu da mutum biyu da jarkar ruwa. Sai aka tuna da Mai Ƙanƙara. Yakan kwance injin ɗaiɗai, ya goge hanyoyin iska har su yi santsi, ya gyara salansa, ya ɗan matse kan injin don ya ƙara ƙarfi, a ƙarshe ya sa 'yar tagulla mai ƙaramin rami, wadda su kanikawa ke kira jiklar. Waɗanda suka dawo suka ce baburansa ne kaɗai ke haurawa ba a sauka an tura ba. Rumfarsa ta cika. In na wuce zuwa kasuwa sai in kau da kai kamar ban san mai wurin ba, alhali raina fari ƙal.

Aikin yana da sharaɗi ɗaya, kuma kowa sai ya gaya masa baki da baki. Gyaran na dutse ne. A nan ƙasa a bi shi a hankali, kuma da an sauko gida a cire ƙaramar tagulla a mayar da babbar ta asali. In ba haka ba injin zai sha iska da yawa da mai kaɗan, ya yi zafi, ya ƙame ana tsakiyar gudu. Matsalarsa ita ce inda mai babur zai ajiye ta asalin, abin da bai kai ƙwayar wake ba, har tsawon wata da watanni a jeji. Ya naɗe a takarda, ta ɓace. Ya sa a gwangwanin magani, aka zubar aka zuba taba. Rannan sai ga matarsa ta shigo mini da faifai, da 'yan tagulla a kai, da guntayen jar fata da ya karɓo wurin dukawa.

“Wai a ce wa Yaya, ko za ta ɗinke su kamar laya. Ya ce mutanenmu komai suna yarwa amma ban da laya.”

Na ce, “Ajiye nan.” Iyakar abin da na ce ke nan. Amma na zaɓi zare kore mai ƙarfi, na yi ɗinki bi biyu, na ƙulle a kusurwa yadda ko ruwa ba zai shiga ba. Shi kuma yana ɗaure kowace a ƙarƙashin sirdin babur ɗinta. Wannan ne kaɗai aikin da muka taɓa yi tare, kuma ko sau ɗaya ba mu yi zancensa ido da ido ba. Dabarar ta ci, babu wadda ta sake ɓacewa. Abin da daga ni har shi ba mu hango ba shi ne, mutanenmu ba sa yar da laya, amma kuma ba sa farke ta.

Wani saurayi mai suna Lawali yana cikin waɗanda aka yi wa gyaran. Da ya ɗan samu abin hannu a can, sai ya ɗora babur ɗin a mota ya aiko wa ƙanensa Hamisu kyauta, shi kuma ya ƙara nutsawa gaba inda waya ba ta shiga. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba, Allah ya jiƙansa in ya riga mu. Hamisu bai san wani sharaɗi ba. Ya ga babur mai tashi, ga ƙuruciya, ya hau hanyar Ɗan Barto da sassafe ya murɗe shi iya murɗawa. Injin ya ƙame, tayar baya ta tsaya cak, ya yi sama ya dawo. Ya rayu, amma ƙafarsa ta dama ba ta sake ɗaukarsa ba. Da aka ɗago babur ɗin, sirdi ya ɓalle, ga jar laya tana lilo.

Kai, bakin mutane! Kafin azahar an gama shari'a. Wai dama ƙarfin baburan Mai Ƙanƙara ba na hannu ba ne, wai asiri ne, wai abin yana neman jini lokaci-lokaci. Waɗanda jiya suke layi a rumfarsa su ne suka ce dama sun daɗe suna shakka, mutumin da ke kallon ƙasar aljanu a waya. Ya je gidan su Hamisu da ƙafarsa ya ce a farke ta a gaban kowa. Suka ce wa zai farke layar da aka ɗaura don cuta, salon abin ya fito ya kama mai farkewa? Ya ce shi zai farke. Suka ce ai shi ne ba za a bari ya taɓa ta ba. Ya kawo wata daga rumfa ya yanka a gabansu, tagulla ta faɗo. Suka ce wannan daban, waccan daban. Wani mai ba su shawara ya ce kada a buɗe, kada a ƙone, kada a yar, a ajiye ta nesa da inda ake kwana.

Ni ce na san abin da ke ciki fiye da kowa, tunda yatsuna suka rufe ta. Ban iya zuwa da kaina ba, sai na aiki Malam Idi ya shaida musu ɗinkina ne. Amsar da ya dawo da ita har yau tana kunnena. Suka ce, “Tun yaushe uwa ta fara shaidar ɗan fari? Lallai abin ya kai inda ya kai, tunda har ta cire kunya.” Maganar da na aika don ta wanke shi sai ta zama ƙarin hujja a kansa. Daga nan in na shiga gidan suna sai hira ta mutu. Na koma bin lungu zuwa kasuwa. Na daina zuwa ajin matan da nake koyarwa, don ba na iya ɗaga ido in dubi allo da mutane a bayana.

Rumfa ta bushe. Da kaka ta yi ya zo ya tsuguna inda ya saba, ya ce, “Yaya, zan tsallaka.” Na ce Allah ya kiyaye hanya. Damina ta zo bai dawo ba, ta biyu ma haka, sai aike. Zazzaɓi ya kwantar da shi a can, abokan aikinsa suka yi masa sutura. Ko kabarinsa ban sani ba. A wurin zaman makoki ma ban yi kuka a gaban mutane ba, don ba a yi.

Nakan zauna in ce, da zai leƙo yau, me zai ce? Rakiya, da yake jika ba ta jin nauyin kakarta, takan zo ta tura mini waya a fuska. “Tsohuwa, ga baburan babana.” Ta ce na yanzu wai ba a kwance musu tagulla, akwai wata na'ura a ciki da ke auna iska da kanta ta ba da mai daidai, wasu har da abin da ke cusa wa injin iska da ƙarfi don kada ya gaji a bisa tsauni. Na san da ya ga wannan ba zai ci abinci ba ranar, yana mayarwa yana sake mayarwa. Kuma na san zai ce, da irin wannan aka aiko wa Hamisu, da yana tafiya da ƙafarsa. Amma da zai ga samarin garin nan na yau, masu yanke salansa don babur ya yi ta ihu a wurin ɗaukar amarya suna cewa sun ƙara masa wuta, da ya yi tsaki ya juya. Na sha jin yana gaya wa masu kawo gyara cewa ƙara ba ƙarfi ba ce, in suna son ƙara su sayi ganga.

Bana wani malamin lekwal, wato makarantar boko, daga garin Tsauni ya fito neman Rakiya. Yaro mai hankali, ita ma tana so, har ta daina tsokanata ta koma sunkuyar da kai. Aka sa ranar da manyansa za su zo tambaya, ranar ta wuce shiru. Muka bincika, ashe Hamisu kawunsa ne, ƙanen uwarsa. Dangin suka ce ba za su haɗa jini da gidan da ya cinye musu ƙafa ba. Rakiya ta zo ta zauna a gefen gadona, ba ta yi kuka ba, ta ce, “Kaka, da gaske babana ya yi abin da ake faɗa?” Ranar ce ta fara ce mini Kaka ba Tsohuwa ba, kuma ranar na ji kunyar da ta fi duk ta baya. Yarinya ta girma a gidana tana ɗauke da wannan tambaya, ni kuma ina da amsa a bakina ina ta rainon al'ada.

Washegari na yafa mayafi, na sa almakashi a jaka, ban aiki kowa ba. Na tarar da Hamisu a zaurensa da sanda a gefe, da maza huɗu ko biyar suna hira. Suka ga tsohuwa ta cire takalmi ta zauna a tabarmar maza, duk suka daburce.

Na ce, “Hamisu, a kawo mini layar nan.”

“Hajiya, ki yi wa Allah. Abin da aka samu ya kwanta.”

“Bai kwanta ba, a kan jikata yake kwance. Ni na ɗinka ta. In akwai abin da zai fito, ni zai kama, kuma na tsufa, ba a yi asara ba.”

Daga ƙarshe aka tono ta daga ƙarƙashin rumbu cikin wata tsohuwar tukunya, aka kawo a kan murfi, babu mai son taɓawa. Fatar ta yi baƙi, amma zaren yana nan kore. Na ajiye jakar kuɗina, wadda ni na ɗinka, kusa da ita na ce su dubi ɗinkin, bi biyu, ƙulli a kusurwa. Na yi bisimilla na sa almakashi. Biyu daga cikin mazan suka ja da baya har bakin ƙofa. 'Yar tagulla ta faɗo a tabarma, ta gangara, ta tsaya a jikin gurguwar ƙafar.

Hamisu ya yi shekaru yana hawan babur kafin ya faɗi, ba ya bukatar a gaya masa ko mece ce. Ya ɗauka, ya ɗaga ta saitin hasken ƙofa, ya leƙa ramin. Na faɗi sharaɗin gyaran kamar yadda na ji shi ta taga, ban rage ba ban ƙara ba. Can ya ce, “Ashe maganin yana ƙarƙashina nake gudu.” Sai ya ja hularsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa.

Na zaci zan ji daɗi. Wallahi ban ji ba. Ga magidanci yana kuka a gaban tsararsa, ƙafa ta tafi, wansa ya tafi, yanzu kuma an ƙwace masa wanda yake ɗora wa laifi. Kuma in za a faɗi gaskiya duka, mai rumfar ma yana da nasa kason, ni ma da nawa. Shi ya sa wa ƙarfe rigar laya, ni na ɗinka rigar. Ya san injin ciki da waje, ya san halin mutanensa rabi. Kuskure ne, kuma ya ci ƙafar bawan Allah. Amma kuskure daban, mugunta daban, kuma da mugunta aka binne sunansa. Na tattara almakashina na fito, ban iya ko sallama da kyau ba.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya aka yi sallama a ƙofar gidanmu. Hamisu ne a gaba, yana dogara sanda, manyan yaron suna bayansa da goro. Shi ya yi maganar tambayar da bakinsa. Da za su tafi ya ba Malam Idi 'yar tagullar ya ce a ba amarya, kayan ubanta ne. An sa biki bayan an gama girbi.

To me ya rage na mutumin nan? Rumfar an rushe, mai sayar da isansi, wato fetur, a kwalba ne a wurin yanzu. Baburan da ya gyara sun zama tarkace a jeji. Ƙanƙarar da ya ƙaunata bai taɓa taka ta ba, bai ma taɓa ganin dutsen Abzin da ya yi wa aiki ba. Abin da ya rage shi ne 'ya mai kama da shi har a yadda take karkata kai in tana nazari, da tagulla guda a cikin kwallarta, da wasu magidanta a nan, da Damagaram, da Kano, da suka haura tudu suka sauko lafiya suka gina gidaje, amma suka yi shiru ranar da ake cin namansa. Su nake so wannan rubutu ya isa gare su. Ba zagi na zo yi ba, ni ma na san nauyin baki. In kun karanta, ku yi masa addu'a, kuma ku gaya wa na kusa da ku abin da ke cikin layar.

Da na karanta wa Rakiya abin da na rubuta, ta saurara har ƙarshe, sannan ta turo baki. “Tsohuwa, tun daga sama har ƙasa Mai Ƙanƙara, mai rumfa, mutumin nan. Wanda za a yi wa addu'a ba shi da suna ne?”

Na ce ta tashi ta ba ni wuri, marar kunya. Ta fita tana dariya. Na zauna da biro a hannu har inuwa ta juya. Tun ranar da liman ya raɗa masa shi a kunne, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, ko a ɗaki ni kaɗai.

Sunansa Iliyasu. Ɗana ne, kuma gwani ne. Allah ya jiƙanka, Iliyasu.